Yadda Likita Ke Gano Ciwon Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi

Jama'ar Waca da kewaye, ba mu manta da sanƙarau na hunturun 2022 zuwa 2023 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lissafi cewa daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, mutum 559 suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka riga mu gidan gaskiya. Gundumar Dungas ce ta fi shan wahala, da mutum 342. A gundumar Magariya, inda Waca take, mutum 38 suka kamu, 5 suka rasu.

Waɗanda suka tsira, yawancinsu an kai su gidan likita ne da wuri. A can, kafin a ɗauko wata na'ura, likita ya yi tambayoyi, ya duba ido, ya ɗaga wuya, ya taɓa hannu da ƙafa. Da haka ya gane inda ciwon yake. Yau za mu bayyana wannan aiki daki-daki, domin mu ma muna da rabonmu a cikinsa. In mun ce likita, muna nufin duk ma'aikacin lafiyar da ya duba mu, ko lokotoro ne na babban asibiti, ko malamin asibiti na ƙauye.

Ƙwaƙwalwa, laka da jijiyoyi

Ƙwaƙwalwa ita ce sarkin jiki. Tana zaune cikin ƙoƙon kai. Da ita muke tunani, da magana, da gani, da motsi. Daga ƙeya wata igiya mai laushi ta sauka ta cikin ƙashin baya. Ita ce laka. Duk wanda ya taɓa fiɗar akuya ya gan ta, fara sol a tsakiyar ƙashin baya.

Daga ƙwaƙwalwa da laka wasu fararen zaruruwa suka bazu ko'ina cikin jiki. Su ne jijiyoyin saƙo. Sun bambanta da jijiyoyin jini. Aikinsu kamar na manzannin sarki ne. Wasu suna kai umarni: ɗaga hannu, taka ƙafa. Wasu suna kawo labari: ƙaya ta soke ni, wuta ta ƙone ni.

Akwai wani abin mamaki. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke mulkin ɓangaren dama na jiki, na dama kuma shi ke mulkin hagu. Ga mafi yawan mutane, gidan magana yana hagu. Shi ya sa wanda hannunsa na dama ya shanye sau da yawa maganarsa ma takan ɗauke.

Saboda haka likita yakan nemi amsar tambaya biyu. Ta farko: a ina matsalar take, a ƙwaƙwalwa, ko a laka, ko a jijiya, ko a tsoka? Ta biyu: mene ne ya jawo ta?

Aiki na farko: sauraron labari

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To amma mai ciwon ƙwaƙwalwa sau da yawa ba ya iya ba da labarin kansa. Wanda ya suma bai san abin da ya faru ba. Jariri ba ya magana. Don haka wanda ya ga abin da idonsa, shi ya kamata ya raka majinyaci. Idan uwa ce ta kwana da yaro, kada a bar ta gida a tura wani dabam.

Ga irin tambayoyin da likita zai yi:

1. Yaushe abin ya fara, wace rana, wane lokaci?
2. Farat ɗaya ya zo, ko sannu a hankali?
3. Akwai zafin jiki, ciwon kai ko amai?
4. Ya yi jijjiga? Duk jiki ne ko gefe guda? Minti nawa?
5. Ya faɗi ko ya bugu a kai?
6. Wane magani aka ba shi, na kanti ko na gargajiya?
7. Ya taɓa yin irin wannan? Akwai mai irinsa a gida ko a unguwa?

Saurin zuwan ciwo yana nuna asalinsa. Abin da ya auku nan take, kamar an kashe fitila, yawanci hanyar jini ce ta toshe ko ta fashe cikin ƙwaƙwalwa. Abin da ya taso cikin sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu tare da zafin jiki, ƙwayar cuta ake zargi. Abin da ke ƙaruwa wata da watanni, ana tunanin ƙari ko wani ciwo mai cin jijiya a hankali. Abin da ke zuwa ya tafi, ya sake dawowa, ana tunanin farfaɗiya.

Mu faɗi gaskiya duka. Idan an sha jiƙo, ko an yi turare, ko an je wurin wanzami, a faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Aiki na biyu: duba jiki

Kayan wannan aiki kaɗan ne: tocila, ƴar guduma mai kan roba, auduga, ma'aunin zafin jiki da ma'aunin hawan jini. Sauran kuwa ido ne da hannu da ilimi. Likita yakan bi jiki daga sama zuwa ƙasa.

Hankali. Zai tambayi majinyaci sunansa, da garin da yake, da ranar da ake ciki. Ba raini ba ne, awon ƙwaƙwalwa ne. Idan mutum ya suma, zai kira shi da ƙarfi, ya matsa farcensa, ya ga ko zai buɗe ido, ko zai yi magana, ko zai janye hannu. Sai ya ba da maki. Likitoci biyu na birnin Gilasgo a Birtaniya, Graham Teasdale da Bryan Jennett, su suka fito da wannan awo a 1974. Yau ana lissafa shi daga 3 zuwa 15. Mai 15 yana cikin hayyacinsa. Mai 8 ko ƙasa da haka yana cikin dogon suma. Ga ƙananan yara akwai wani awo da aka tsara a birnin Bulantaya na ƙasar Malawi, daga 0 zuwa 5. Ana duba ko yaro yana bin fuskar uwarsa da ido, ko yana kuka, ko yana janye hannu in an matsa shi.

Wuya. Majinyaci yana kwance rigingine, likita zai sa hannu ƙarƙashin ƙeyarsa, ya ɗaga kai a hankali don haɓa ta taɓa ƙirji. Mai lafiya ba ya jin komai. Mai sanƙarau wuyansa yakan ƙage kamar ice, wani lokaci gwiwoyinsa su lanƙwashe da kansu. Jariri kuwa wuyansa ba lalle ya ƙage ba. Shi maɗigarsa ake taɓawa. Idan ta kumbura, kuma ya ƙi mama, akwai haɗari.

Ido da fuska. Likita zai haska tocila cikin ido. Baƙin tsakiyar ido ya kamata ya tsuke, na dama da na hagu daidai. Idan ɗaya ya buɗe ya ƙi tsukewa bayan buguwar kai, alama ce jini na iya taruwa cikin ƙoƙon kai. Zai ce a bi yatsansa da ido, a ɗaga gira, a runtse ido, a yi murmushi, a fito da harshe. Idan baki ya karkace amma goshi yana motsi, matsalar tana cikin ƙwaƙwalwa. Idan rabin fuska duka ya mutu, har da goshi, ido ma ba ya rufuwa, yawanci jijiyar fuska ce kaɗai ta kamu, kuma mafi yawan masu wannan sukan warke.

Ƙarfi. Zai ce a miƙa hannu biyu gaba a rufe ido. Hannun da ya raunana zai sauka da kansa. Zai ce a matse yatsunsa, a tura shi da ƙafa. Kullum yana gwada dama da hagu.

Guduma. Zai bugi ƙasan ƙoƙon gwiwa a hankali, sai ƙafa ta harba da kanta. Idan harbin ya yi yawa, matsalar tana sama, a ƙwaƙwalwa ko a laka. Idan babu harbi sam, kuma ƙafar ta yi laƙwas, matsalar tana ƙasa, wajen jijiyar da ke zuwa tsoka. Zai kuma ja makulli ko gindin guduma a tafin ƙafa. Ga babba mai lafiya, yatsu sukan lanƙwashe ƙasa. Idan babban yatsa ya tashi sama, hanyar umarni ta sami rauni. Likita Joseph Babinski ne ya bayyana wannan alama a birnin Paris a 1896. Ga jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya, tashin yatsan ba ciwo ba ne.

Jin taɓi. Majinyaci zai rufe ido, a shafa masa auduga ko a ɗan taɓa shi da abu mai tsini, ya nuna inda ya ji.

Tafiya. In zai iya tashi, za a ce ya taka, ya juyo, ya tsaya ƙafa haɗe. Za a ce ya taɓa hancinsa da yatsa. Mai jan ƙafa ɗaya, da mai tangaɗi, da mai rawar hannu, kowanne tafiyarsa tana nuna wurin ciwonsa.

Ɗibar ruwan baya

Ƙwaƙwalwa da laka suna cikin wani ruwa garau kamar ruwan rijiya mai kyau. Idan sanƙarau ya shiga, ruwan yakan gurɓace. Don a tabbatar, likita yakan sa siririyar allura a ƙasan baya, ya ɗebi kaɗan. Wani likitan Jamus, Heinrich Quincke, ya fara wannan aiki a 1891.

Mutane da yawa suna tsoron allurar nan. Suna cewa tana gurgunta mutum. Ga gaskiyar magana: laka tana ƙarewa sama da wurin da ake sa allurar. Ruwan da aka ɗiba kuma jiki yana mayar da shi cikin ƴan sa'o'i. Kurumta ko raunin da kan biyo baya, aikin cutar ne. Da ruwan nan ake gane irin ƙwayar da ta shigo ƙasa, a ɗakin bincike kamar na cibiyar CERMES da ke Yamai. Da haka hukuma ke sanin allurar rigakafin da ta dace.

Abin da alamomi ke nunawa

Sanƙarau. Zafin jiki, ciwon kai mai tsanani, amai, ƙagewar wuya, ƙin haske. Lokacinsa daga hunturu ne zuwa bazara, sa'ad da ƙura da bushewar iska suka yi yawa. Yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. Cikin mutum biyar da suka tashi, ɗaya yakan saura da lahani, kamar kurumta. Dattawanmu suna tuna annobar 1995 a Nijar, da ta 1996 wadda ta kama mutum wajen 250,000 a Afirka, ta kashe wajen 25,000. A Disamba 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Nijar, Mali da Burkina Faso, ta karya lagon ƙwayar da ake kira A. To amma ƙwayoyin iri-iri ne. Wadda ta fi yawa a Dungas a 2023 ita ce C. A 2024 Najeriya da Nijar suka fara amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga iri biyar. Maganin wanda ya kamu allurar seftiriyazon ce, kuma kowace sa'a tana da daraja.

Masassarar cizon sauro mai hawa kai. Ita kuma lokacinta damina ne da kaka. Yaro yana zafin jiki, sai jijjiga, sai suma. Likita zai soki yatsa ya gwada jini, ya auna sukarin jini, ya duba wuya don ya raba ta da sanƙarau. Asibitin gundumar Magariya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a 2005, ya cika maƙil da irin waɗannan yara a daminar 2018. Maganin kariya da ake raba wa yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 a watannin damina, da kwana cikin gidan sauro, su ne katangarmu.

Farfaɗiya. Wutar ƙwaƙwalwa ce ke rikicewa na ɗan lokaci. Sau da yawa, kafin a iso asibiti mutum ya farfaɗo, likita ya duba bai ga komai ba. A nan labarin wanda ya gani shi ne babbar shaida. Mai wayar da ke ɗaukar hoto mai motsi ya ɗauka, ya nuna wa likita kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa in suna shan magani kullum. Ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta taɓi. Idan mutum ya faɗi, a janye shi daga wuta da ruwa, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a juya shi gefe guda. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki. In jijjiga ta wuce minti 5, a garzaya asibiti.

Shanyewar ɓarin jiki. Alamominta uku kowa zai iya gwadawa a gida: baki ya karkace, hannu ɗaya ya kasa ɗaguwa, magana ta sarƙe. Babban mai jawo ta shi ne hawan jini, wanda muke ce wa tansiyo. Awon da ya kai 14 da 9 ko ya wuce, a kai a kai, hawan jini ne. Kada a ba majinyaci fura ko ruwa kafin likita ya gwada haɗiyarsa, don abin na iya bi ta hanyar numfashi. Ko da alamun sun wuce cikin sa'a ɗaya, a je asibiti, domin gargaɗi ne.

Shan inna. Duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ko hannunsa ya yi laƙwas ba zato, a sanar da gidan likita nan da nan. Za a ɗauki bayan gidansa sau biyu, kwana ɗaya tsakani, cikin kwana 14 na farko. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Duk da haka wani nau'inta yakan ɓulla inda yara da yawa ba su sami ɗigon rigakafi ba, kamar yadda ya faru a gundumar Magariya a 2018.

Kuturta. Ciwon jijiya ne kafin ya zama ciwon yatsu. Alamar farko tabo ne mai haske a fata wanda ba ya jin taɓin auduga. Likita zai taɓa jijiyar gwiwar hannu ya ji ko ta yi kauri. Magani na wata 6 ko wata 12 yana warkar da ita, kuma kyauta ake ba da shi tun 1995. Asibitin Danja kusa da Maraɗi ya daɗe yana wannan aiki. Wanda ya zo da wuri ba ya rasa yatsa.

Haɗarin gona da hanya

Masu lambu a fadamun Korama da masu feshin wake, ku saurara. Wasu magungunan ƙwari suna shiga ta fata da numfashi, su kama jijiyoyi. Alamominsu: yawu mai yawa, gumi, amai, rawar tsoka, baƙin ido ya tsuke kamar kan allura. A cire wa mutum tufafin, a wanke shi da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti tare da kwalbar maganin. Kada a tilasta masa amai.

Wanda ya faɗo daga ice, ko daga amalanke, ko daga babur, yana kukan wuya ko baya, kada a ɗaga shi zaune. A kwantar da shi a kan ƙyauren ƙofa ko katako, mutum ɗaya ya riƙe kansa kada ya juya. Karyayyen ƙashin baya yana iya yanke laka a hanya. Wanda kuma ya bugu a kai, ya tashi lafiya, daga baya ya fara amai ko barci mai nauyi, a koma da shi asibiti ko da tsakar dare ne.

Idan an tura mu gaba

Wani ciwon ya fi ƙarfin gidan likita na ƙauye. Sai a tura majinyaci asibitin gunduma a Magariya, daga nan zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram, ko Yamai. A manyan asibitoci ne ake samun na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, wadda ake ce wa sikana. Takardar da likitan farko ya rubuta a riƙe ta da kyau. A cikinta ya rubuta makin hankali da ƙarfin gaɓoɓi na sa'ar da ya duba. Likita na gaba zai gwada da abin da ya gani, ya san ko ciwon gaba yake yi ko baya.

Abin da ke wuyanmu

Mu da muka koyi karatu da rubutu, Allah ya ba mu makami. Mu yi aiki da shi kamar haka:

1. Mu rubuta ranar da ciwo ya fara da lokacinsa.
2. Mu rubuta sau nawa aka yi jijjiga, da tsawon kowace.
3. Mu tafi da katin rigakafi da kwalin duk maganin da aka sha.
4. Mu tafi da wanda ya ga abin da idonsa.
5. Mu yarda a duba majinyaci sosai, har da ɗibar ruwan baya in likita ya nema.
6. Mu auna jininmu ko da muna jin lafiya, musamman in shekaru sun haura 40.
7. Mu fito da iyalinmu duk ranar da aka yi shelar rigakafi.

Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna. A yi addu'ar ana kan hanya. Zafin jiki da ƙagewar wuya, suma, jijjigar da ta ƙi tsayawa, karkacewar baki, ƙafar yaro da ta yi laƙwas: waɗannan biyar ba sa jiran ranar kasuwa, ba sa jiran maigida ya dawo daga tafiya. Magidanta su ba matansu izini tun yau, cewa in an ga ɗaya daga cikinsu a tafi kawai. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kare mu da zuriyarmu. Amin.